Ƙashin Bayan Mota: Ɓaraka da Gyara a Tsofaffin Motocin Bodin Katako na Ƙasar Yawuri



Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya taru a bayanta ya bunƙasa sana'ar su a Warra da sauran garuruwan bakin ruwa. Bandar kifi da albasa da shinkafar da ake sayowa a Warra da Yelwa da Shanga, manyan motoci masu bodin katako sun daɗe suna fitar da su zuwa Kwantagora da Sakkwato, har kudu. Da yawa cikinsu Mercedes 911 ne, irin waɗanda kamfanin ANAMMCO ya soma harhaɗawa a Inugu a 1981. Watau ke nan, wasu sun haura shekara arba'in suna ɗaukar kaya.

Irin wannan mota aikin mutum biyu ce. Kamfani ya ƙera kai da inji da dogayen ƙarafa biyu da ke kwance daga gaba zuwa baya, waɗanda su ne ƙashin bayanta. Kafinta kuwa shi ya ɗora bodi, ya ɗaure shi da noti. To, a wannan mahaɗa ta ƙarfe da katako ciwo yakan fara, inda ido ba ya kai.

Dalili na farko laima ce. Ruwan damina da na jiƙaƙƙen kaya yakan kwanta tsakaninsu, katako ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa, noti ya saki, bodi ya riƙa rangaji. Na biyu lodi fiye da ƙima, musamman idan an ƙara wa bodi tsawo ta bayan ƙafafun baya. Na uku gargadar hanya, wadda kan murɗa ƙarfe yau da gobe har ya tsage, galibi a bayan kai ko inda sifirin ya kama.

Abin da aka saba yi shi ne a tsaya wajen mai walda ya bi tsagar da wuta, a wuce. Wannan kitsen rogo ne, gama wuta mai yawa takan raunana ƙarfe, ya sake tsagewa kusa da ɗinkin. Gyaran ƙwarai sai an sauke kaya, an ɗaga bodi. A huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a goge bakinta, a yi walda, sa'an nan a tallafe ta da faifan ƙarfe wanda ya zarce wurin ta kowane gefe. Ruɓaɓɓen katako kuwa ba ya karɓar faci. Cire shi ake yi, a sa busasshen maɗaci, a shafe shi da baƙin mai.

Wannan aiki yakan ci kwanaki, mai mota kuma ba ya son rasa ranar kasuwa. Amma fa a bisa kayan nan akwai yaran mota da fatake a zaune, kuma ran da bodi ya rabu da ƙarfe a kan kwana, su ne za su biya.

Saboda haka jami'in da ke duba lafiyar motoci, kada fenti da addu'ar da aka rubuta a goshin mota su ishe shi shaida. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi da tocila. Mai mota kuma ya yi gyaransa kafin kaka ta kama, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.