Kayan Rawa: Daga Faris Zuwa Samaru

Shugaban wannan ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa.

Da sakatare ya nemi in yi magana a kan sana'ata, wato ɗinkin kayan wasan kwaikwayo, sai na ce masa a kan tutu zan yi. Ya yi shiru, can ya ce, "Haba, a gaban malamai?" To, a kwantar da hankali. Tutu a bakin Faransawa suna ne na ɗan bujen da mata ke sawa a wata rawa tasu da ake kira bale. A laburaren Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru, na fara cin karo da tarihinsa.

A fadar sarakuna wannan rawa ta girma, har Sarkin Faransa Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. A lokacin da kayan fada ake yin ta: riga mai nauyi har ƙasa, da takalmi mai tudun dunduniya. Wajen 1730 wata gwanar rawa, Marie Camargo, ta rage tsawon rigarta zuwa saman idon sawu, don 'yan kallo su ga aikin da ƙafarta ke yi. A 1832 kuma, a Faris, Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide cikin farin buje shara-shara da ya tsaya a ƙwauri, tana taka rawa a kan 'yan yatsun ƙafa. Wannan shi ne tutu na farko da ya yi suna. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, da rawar ta koma ta yawan juyi da tsalle a Italiya da Rasha, sai bujen ya ƙara gajarta, ya miƙe kamar faifai, falle a kan falle na yadi mai kama da gidan sauro. A 1950 wata tela a Amurka, Barbara Karinska, ta cire wayar da ke riƙe shi, ta yi shi da laushi, don kada ya riƙa karo da na maƙwabciya.

Kun ga ke nan, duk sauyin da aka yi, aikin ƙafa ne ya jawo shi, tela ya bi baya. Mu ma haka abin yake. Ɗan koroso yana ɗaura kacau-kacau a ƙafa ne don kowane taku ya yi magana. Ɗan dambe yana tsuke bante don kada tufa ta harɗe shi. Ko a dandalin wasan kwaikwayo na jami'a, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, abin da na koya ke nan: ka kalli mai rawa tukuna kafin ka ɗauki almakashi.

Amma tarihin yana da ɗaci. Fitilun gas ake kunnawa a bakin dandali a wancan zamani. A 1862 bujen wata yarinya mai suna Emma Livry ya taɓa fitila a wajen gwaji, ya kama da wuta. An riga an fito da maganin da ake jiƙa yadi da shi don hana kamawa, amma ta ƙi, domin yana dusashe yadin, ya sa shi tauri. Ta yi wata takwas tana jinya, ta rasu a 1863, tana da shekara 20.

Da na karanta wannan, jikina ya yi sanyi, domin 'yan ajinmu sun san abin da na tuna. A shekararmu ta ƙarshe, ni aka ba kuɗin kayan wasa. Na shiga kasuwar Sabon Gari, na bar farin alawayyo, na sayi nailan saboda araha da ƙyalli. Daren wasa wuta ta ɗauke, aka jera aci-balbal. Wani ɗan'uwanmu ya juya, gefen rigarsa ya shafi ɗaya. Nailan narkewa yake yi ya manne a fata. Malaminmu na Hausa ne ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe shi. Ɗan'uwan nan yana zaune a nan, da tabon a ƙafarsa. Ya yafe mini tuntuni, amma ni ban manta ba. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka, tunda ƙungiya ta yanke shawarar farfaɗo da kulob ɗin wasan kwaikwayo na makarantarmu, ina roƙon abu uku. A ware kuɗin ɗinki tun farko, kada ya zama ragowar kuɗin abinci. A kai yaran wurin tela su taka rawar a gabansa kafin ya yanka. Kada kuma a kunna fitila mai harshen wuta kusa da dandali, a tanadi tocila da bargo. Aikin ɗinkin shekarar farko na ɗauka, kyauta, bashi ne nake biya.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa na raye da alheri.