Dawakin Kwatarkwashi da Dawakin Folan



Wanda duk ya ga hawan Sallar Gani a Daura, ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke, zai so ya san abin da irin waɗannan dawaki suka yi sa'ad da Nasara ya zo. A Daura dai ba a yi wani babban karo ba, domin a lokacin ƙasar a rabe take uku, wato Daura da Zango da Ɓaure. Amsar tana wajen maƙwabciyarta, Kano.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya ci birnin Kano, alhali Sarki Alu yana Sakkwato tare da manyan mayaƙansa. A kan hanyar komowa Sarki ya rabu da rundunar da dare, sai Waziri Ahmadu ya ja ragowar jama'a ya nufi gida. A ƙarshen watan suka yi kaciɓis da Laftanar Wright kusa da Kwatarkwashi, yana da soja ba su kai hamsin ba, kuma, abin takaici, sojan nan 'yan ƙasa ne masu cin albashin Bature. Suka tsaya kusurwa huɗu, kafaɗa da kafaɗa. Barade suka yi ta kai sukuwa, harsashi yana kayar da su, suna sake ɗaura ɗamara, har Waziri da kansa ya faɗi.

An sha cewa wannan wauta ce, wai mutanen da ba su san bindiga ba ne suka kai kansu mahallaka. Kafin a yarda da wannan magana, ya kamata a dubi abin da ya faru a Turai bayan shekara 36.

Ran 1 ga Satumba 1939 Jamus ta faɗa wa ƙasar Folan. Da yammacin ranar, kusa da wani ƙauye mai suna Krojanty, Kanar Mastalerz ya tarar da dakarun Jamus suna hutawa a bakin daji, ya sa mahayansa suka afka musu da takubba, suka tarwatsa su. Sai motoci masu sulke suka ɓullo da bindiga mai ruwa, suka kashe shi da wasu daga cikin mutanensa. Amma bukata ta biya, don an tsai da Jamusawa har sojan ƙasa na Folan suka sami janyewa. Daga baya aka kai 'yan jarida wurin, suka ga gawawwakin dawaki kusa da tankoki, labari ya bazu wai mutanen Folan sun kai wa tanka hari da mashi. Ƙarya ce, amma ta yi wa Jamus amfani, ta kuma daɗe a littattafai.

To, haka nan labarin Kwatarkwashi ya fi zuwa daga alƙalamin wanda ya ci nasara. Waziri Ahmadu ya san bindiga sarai. An yi amfani da ita a yaƙin Basasa shekara goma kafin nan. Abin da ke gabansa shi ne birni a hannun baƙo, Sarki ya tafi, ga jama'a suna jiran umurni. Wright ya sami lambar Victoria Cross. Wambai Abbas kuwa ya kai sauran jama'a Kano ya yi mubaya'a, aka naɗa shi Sarki a cikin shekarar.