Fari, Malka da Zafin Bazara: Shin Yanayin Ƙasarmu Ne Ya Sauya?



An nemi in yi magana a kan wata tambaya da ta cika bakin jama'a tun daga ranar 10 ga watan Satumba na 1924 da ɗari, watau 2024, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri cikin dare. Tambayar kuwa ita ce, shin irin wannan ambaliya, da zafin da ke kwantar da mutane a bazara, da ruwan da ke ɗaukewa bayan shuka ta tsiro, abubuwa ne da aka saba gani tun kaka da kakanni, ko kuwa wani sabon al'amari ne ya shigo mana?

Dattijon da ya ce duk an taɓa ganin irin wannan, yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Ƙasar Hausa ta daɗe tana ba yunwa suna kamar yadda ake raɗa wa jariri. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta biyo bayan fari mai tsanani, akwai kuma 'Yar Buhu ta 1927. A waɗannan shekaru motocin da ke ƙasar nan ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka shekara guda, kome muninta, ba ta isa ta zama shaida ba. Halin da sama ta wayi gari da shi yau daban, halin da ƙasa ta saba da shi cikin shekara talatin daban. Na biyun nan shi masana ke nufi idan sun ce yanayi, kuma shi ake aunawa kafin a ce ya sauya.

To, bari mu duba abin da awo ya nuna. Shekarun 1950 shekaru ne na wadatar ruwa a duk faɗin yankin Sahel, daga Senegal har Sudan. Manoma suka yi ta nausawa arewa suna sharar gonaki a inda dā makiyaya kaɗai ke zuwa. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Daga 1968 sai ruwa ya fara ja baya, abin ya yi tsamari a 1972 da 1973, lokacin da Kano ta sami wajen rabin ruwan da ta saba samu, kana ya sake dawowa da ƙarfi a 1983 da 1984. Kafin ƙarshen wannan fari tafkin ya ƙafe har bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na dā ba, garuruwan masunta suka koma tsakiyar tudu.

A nan ina so in ɗan dakata, gama akwai darasi game da yadda ake ɗora laifi. A 1975 wani masani ɗan Amurka mai suna Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta zama fili fetal, sai ta riƙa mai da hasken rana sama, hakan kuwa yana hana hadari haɗuwa. Ra'ayin ya sami karɓuwa ƙwarai, har ya zama a ofisoshi da yawa an ɗauka Bafillatani da garkensa da mai saran itace su ne suka kori ruwa. Amma binciken da Folland da abokan aikinsa suka buga a Ingila a 1986, da wanda Alessandra Giannini ta jagoranta a 2003, sun nuna cewa babban dalilin yana can cikin teku. Ruwan Atilantika ta arewa ya yi sanyi idan aka kwatanta da tekunan kudu, sai iskar damina, wadda ke ɗauko mana laima daga kudu maso yamma, ta kasa hawowa arewa yadda ta saba. Cikin abubuwan da suka sanyaya wannan teku akwai hayaƙin farar wuta da masana'antun Turai da Amurka suka yi ta turnuƙewa a wancan zamani, wanda ke tare hasken rana. Ba na ce sare itatuwa ba ya ɓarna ba, yana yi, yana kawo zaizayar ƙasa, yana kashe gona. Sai dai makiyayin da ya rasa shanunsa a 1973 an haɗa masa zafi biyu, ga asara, ga zargin da yawancinsa ba nasa ba ne.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa. Amma duk manomin da ka tambaya zai gaya maka ba irin na dā ba ne. A dā, in an shiga malka, sai a yini a kwana ana yayyafi, ƙasa tana sha a hankali. Yanzu sai a yi kwana goma sha ba ɗigo, gero ya fara naɗe ganye, sa'an nan a zubo ruwan wata guda cikin dare ɗaya. Wannan magana ta manoma, taurarin ɗan'adam sun gaskata ta. A 2017 Christopher Taylor da wasu masana suka buga sakamakon nazarin hotunan gajimare na shekara talatin da biyar, suka iske cewa manyan haduran nan masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982.

Mene ne ya kawo haka? Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur a masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama ta yi ta ƙaruwa. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan. Da aka fara auna ta kullum a dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawayi a 1958, an same ta wajen 315, yanzu kuwa ta wuce 420. Aikinta kamar na bargo ne, tana barin hasken rana ya shigo, tana tare zafin da ƙasa ke mayarwa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto a 2021 cewa duniya ta ƙara zafi da kimanin digiri 1.1 bisa ga yadda take tsakanin 1850 da 1900. Wani zai ce digiri ɗaya me ya ɗauke? To, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ta riƙe kuwa dole ta sauke shi wata rana. Daɗa kuma hamadar Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da mu, wannan bambanci shi ke ƙara wa iskokin da ke gina hadari ƙarfi.

Na san akwai mai cewa a zuci, ai ruwa na Allah ne. Haka yake, babu musu. Amma Wanda ya halicci ruwa Shi ya halicci sababi, kuma kowa a zauren nan ya san labarin Annabi Yusufu, wanda da ya san shekarun fari na tafe, rumbu ya sa aka gina.

Yau masana suna da hanyar da za su ɗauki wani bala'i guda su auna hannun ɗumamar duniya a cikinsa. Sukan sa kwamfuta ta kwaikwayi duniya iri biyu, ɗaya wadda muke ciki, ɗaya wadda ba a ƙara mata hayaƙi ba, su ga sau nawa abin ke aukuwa a kowace. An yi wa ambaliyar 2022 wannan lissafi, ambaliyar da ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Ƙungiyar masana da ta yi aikin ta ce ruwa irin na waccan damina a kewayen Tafkin Chadi ya fi sauƙin aukuwa kimanin sau 80 saboda ɗumamar duniya. Haka aka yi wa zafin farkon watan Afrilu na 2024, wanda ya faɗo cikin azumi, lokacin da ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Hukuncinsu shi ne, zafi mai wannan tsanani ba zai auku ba in da ba a ɗumama duniya ba. A ganina zafin nan shi ne macijin ƙaiƙayi. Ambaliya tana da hoto, jarida takan buga, gwamna yakan je jaje. Amma tsohon da ya cika a ɗakin kwano cikin dare, babu wuta, babu iska, sai a ce ajali, ba wanda zai rubuta zafi a takardarsa.

Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, wannan gaskiya ce, kuma ya kamata wakilanmu su riƙa faɗinta da ƙarfi a tarurrukan duniya. Amma ina jin tsoron kada kalmar sauyin yanayi ta zama mayafin da ma'aikaci zai rufa da shi. Hadari daga sama yake, amma ko zai zama bala'i, wannan a ƙasa ake yanke shi. Madatsar Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a shekarun 1980, ta taɓa jawo wa Maiduguri ambaliya a 1994. Madatsar Bagauda ta fashe a watan Agusta na 1988. A 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai ta cika ta batse har Lakwaja, mutum fiye da 360 suka rasu, alhali kuwa madatsar Dasin Hausa da aka shirya ginawa a Adamawa don ta tare wannan ruwa ba a kammala ta ba, shekara goma bayan haka kuma aka maimaita. Kududdufan tsohon birnin Kano, waɗanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan unguwanni, an cike da yawansu an yi shaguna. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ginin ƙasa ma, wanda ya yi mana hidima ɗaruruwan shekaru da yaɓe da indararo, yana da iyakar ruwan da zai ɗauka, tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a daminar 2024.

Cewa ana iya yin wani abu, manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture a lokacin sassabe, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a cikin gona, har aka ƙiyasta itatuwan da suka dawo da wajen miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5. Ba gandun gwamnati ba ne, aikin talaka ne da gatarinsa.

Ga ma'aikatanmu kuwa, musamman na ma'aikatar ayyuka da ta ruwa da ta gona, akwai abu guda da ke hannunku kai tsaye. Injiniya yakan yanke faɗin kwalbati da tsawon gada da girman mafitar madatsa ne bisa ga ruwa mafi yawa da aka taɓa rubutawa a wurin. In littafin da yake dubawa na shekarun fari ne, to, ya yi wa yaro ɗinkin riga da awon bara waccan. Dole a sake lissafin da alƙaluman shekarun nan, alƙaluman kuwa ba su samuwa sai an auna. Kano tana da rubutaccen awon ruwa tun farkon ƙarni na 20, shi ya sa muka iya kwatanta 1973 da abin da ya gabace ta, amma ƙananan hukumomi da yawa ba su da ko na shekara biyar a jere. Ma'aunin ruwan sama gwangwani ne da mazurari da kwalba mai zane, kuɗinsa bai kai na tayar mota ba, yaron firamare yana iya karanta shi kowace safiya ya rubuta a littafi.

Shugaba, nan zan dakata, domin a sami lokacin tambayoyi.