Cin Abinci da Hankali a Gaban Ubangiji

  Yau za mu yi magana a kan abin da kowannenmu yake yi kullum, amma da wuya mu tsaya mu yi tunani a kansa, wato cin abinci. Karatunmu yana cikin 1 Korantiyawa 6:19-20. Idan Littafi Mai Tsarki yana kusa da ku, ku buɗe ku karanta.

A wannan wuri Manzo Bulus yana tuna wa masu bi cewa Ruhu Mai Tsarki ya mai da jikinsu mazauninsa, kuma Almasihu ya fanshe su da tamani mai tsada. Gargaɗinsa a nan a kan fasikanci ne, amma tushen maganar ya shafi dukan abin da muke yi da jiki. Shi ya sa a sura 10, aya 31, ya ambaci ci da sha a cikin abubuwan da ya kamata su kawo wa Allah ɗaukaka. Jikin nan amana ne. Idan maƙwabci ya ba mu aron babur, mukan lura da mai, mu lura da taya, mu kasa kunne ko injin ya canja ƙara. To, ina ga jikin da Allah ya ba mu?

Bari mu dubi mutane biyu. Na farko shi ne Isuwa, a Farawa 25:29-34. Ya dawo daga jeji a gajiye, ya tarar da ƙanensa Yakubu yana dafa faten jan wake. Ƙanshi ya buge shi. Ya ga kamar mutuwa zai yi idan bai ci nan take ba, har ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda akushi ɗaya. Ya ci, ya sha, ya tashi ya yi tafiyarsa. Yunwar Isuwa ba zunubi ba ce. Kuskurensa shi ne ya bar ciki ya yanke masa shawara, bai dakata ya auna abin da zai samu da abin da zai rasa ba. Ibraniyawa 12 ta nuna mana cewa daga baya ya nemi albarkar da hawaye, amma bai samu ba. Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na biyu shi ne annabi Iliya, a 1 Sarakuna 19. Ya gudu daga Yezebel, ya shiga hamada, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura da abin da Ubangiji ya yi. Bai fara da tsawa ba, bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa. Iliya ya ci, ya sāke kwantawa, mala'ikan ya sāke tashe shi ya ci karo na biyu domin tafiyar da ke gabansa tana da nisa. Da ƙarfin abincin nan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. Allah ya san bawansa yana da jiki, ya kuwa kula da jikin.

Isuwa ya bauta wa cikinsa. Iliya ya manta da nasa jikin har ƙarfinsa ya ƙare. A cikin ikilisiyoyinmu akwai su duka biyu. Akwai wanda ba ya iya wuce mai suya ko mai ƙosai ko da yanzu ya tashi daga kan tuwo. Akwai kuma uwa ko mai bishara da ke aiki tun asuba ba karin kumallo, ba hutu, sai da dare ya cika ciki da sauri ya kwanta. Dukansu ba sa sauraron jiki.

Allah ya yi jikinmu yana magana. Yunwa ta gaskiya takan zo a hankali, kuma kowane abinci yana iya kwantar da ita, ko da kunu ne. Kwaɗayi kuwa yakan zo farat ɗaya, yana neman abu guda, sau da yawa sa'ad da muke cikin ɓacin rai, ko gajiya, ko zaman banza. Haka ma ƙoshi. Saƙon da ciki yake aika wa ƙwaƙwalwa cewa ya isa yakan ɗauki lokaci, kimanin minti 20. Wanda ya gama malmala uku cikin minti biyar ya riga saƙon isowa. Karin Magana 25:16 ta yi misali da zuma: ko abu mai daɗi, idan ya wuce kima, zai dawo da amai.

Me ya sa wannan magana take da nauyi a yau? Domin hawan jini da ciwon sukari sun shiga gidajenmu. Mun ga iyaye waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da su a lokacin da 'ya'yansu suke makaranta. Mun ga gwauraye da marayu. Ba kowace cuta ce daga abinci take ba, akwai gado, akwai shekaru, kada kuma mu hukunta marar lafiya. Amma akwai abin da yake hannunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen miya. Kwalba ɗaya ta lemo tana iya ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 8 zuwa 9. A ƙa'idodin da hukumar ta fitar a 2020, ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Noma, da tafiya da sauri zuwa kasuwa ko sujada, duk suna ciki. Bulus ma ya gaya wa Timoti cewa horar da jiki tana da nata amfani, ko da yake ibada ta fi ta.

To, yaya za mu fara? Da farko, mu yi addu'ar godiya da gaske, ba da hannu a cikin kwano ba. Wannan ɗan dakatawa zarafi ne mu tambayi kanmu ko yunwa ce ko kwaɗayi. Na biyu, mu zauna mu ci, mu ajiye waya, mu kashe talabijin, mu tauna sosai. Na uku, mu ɗibi kaɗan tukuna. Idan bayan ɗan lokaci har yanzu akwai yunwa, sai mu ƙara. Mu tashi sa'ad da yunwa ta kwanta, kafin ciki ya yi nauyi. Na huɗu, mu lura da yadda jiki yake ji bayan cin abinci. Wane abinci ne yake ba mu ƙarfin aiki, wane ne kuma yake sa mu kasala da gyangyaɗi?

Wanda yake so ya rage ƙiba, ga gwaji mai sauƙi da likitoci suke ba da shawara. Ka auna tsawonka da igiya, ka ninka ta biyu, ka ɗaura a ƙugu wajen cibiya. Idan ba ta zagaye ka ba, lokaci ya yi da za ka lura. A wurinmu ana ɗaukar tumbi alamar jin daɗi, amma kitsen ciki yana ƙara hatsarin waɗannan cututtuka. Siriri ma kada ya saki jiki, gama hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Ku je asibiti a auna ku. Mai ciwon sukari, da mace mai ciki, su nemi shawarar likita kafin su yi azumi ko su canja abinci.

Mun sani akwai masu sauraronmu waɗanda damuwarsu ita ce yadda za su sami na yau. Ubangiji bai manta da ku ba. Ku sani kuma abinci mai gina jiki ba lallai sai mai tsada ba: wake, zogale, gero, dawa, acha, gwate mai ganye, da daddawa a miya. Mu da muke da fiye da bukata, abin da muka rage daga kwanonmu yana iya zama abincin maƙwabci. Zumuntar mata, ku taimake mu a bukukuwan Kirsimeti da na godiya: a rage mai da gishiri, kada kuma a tilasta wa baƙo ƙari idan ya ce ya ƙoshi.

'Yan'uwa, kamunkai ba da ƙarfinmu muke samunsa ba. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafta shi cikin 'ya'yan Ruhu. Idan ka fāɗi yau, kada ka fid da zuciya, ka sāke farawa a abinci na gaba. Sannu sannu kwana nesa. A wannan mako ka zaɓi abu guda ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata, ka riƙe shi har kwana bakwai.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin jikin da ka ba mu da abincin da kake tanadawa. Ka koya mana mu ci da godiya, mu san lokacin tsayawa, mu huta sa'ad da muka gaji. Ka ciyar da mayunwata, ka taɓa marasa lafiya, ka ba mu ƙarfin yi maka hidima. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba. Ubangiji ya kiyaye ku.