Jawabin da aka yi wa jama'a a taron ƙungiya ranar da ɗari ya shigo



Yau iska ta juya, ta taso daga gabas da arewa, hazo ya rufe gari. Kowa ya san abin da wannan ke nufi: zafin kaka ya wuce, hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya kama. Gawo ma da ya yi damina tsirara ga shi ya soma fid da ganye. Shi ya sa muka ce yau kada kowa ya tafi daji. A zauna gida a sha hantsi, a sha kunu da zafinsa, hannu kuma yana aiki.

Da muka zaga gari da safe mun ga abin da ya faranta mana rai. Tsofaffi sun jingina da bango suna tufkar igiya, wasu na saƙar zana da gamba, mata sun jiƙa kaba suna kitsa tabarma da faifai. Wannan ba aikin banza ba ne. Tabarmar Madawa ta yi suna har ƙasashen waje, kuma ba da wani abu ake yinta ba sai kabar da muke takawa. Amma muna roƙon masu yankan kaba su riƙa barin zuciyar, don idan aka sare ta tun tana ƙarama ba za ta zama goriba ba. Gulbin Kaba daga kaba ya samo sunansa, ku tambayi mutanen Mayahi yadda ta ragu a wurinsu.

To, babbar maganarmu ta yau garka ce.

Dattawan da ke nan sun tuna farin 1973 da na 1984. Bayan na biyun ne gwamnatin Janar Seyni Kountché ta matsa wa talakawa su shiga noman rani, aka gina rijiyoyi cikin fadamu, aka raba iri. Garuruwan da suka riƙe abin sun ga amfaninsa. Dubi Galmi: albasarta ana loda ta a manyan motoci zuwa Abijan da Akara. Dubi raken Matameye da garake na Mirya. Ƙasarsu ba ta fi tamu albarka ba, sun dai fi mu tashi da wuri.

Albasa sanyi take so, saboda haka wanda ya jira sai Janairu ya makara. Irin da aka zuba cikin Nuwamba yana yin wajen kwana 45 a wurin reno kafin a dasa shi, sannan a cire albasa cikin Maris ko Afrilu. A gyara fangali da takin gida wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen kashin shanu yana ƙone saiwa. Kada a cika takin zamani irin mai kama da sukari. Yana kumbura albasa ta yi kyau a ido, amma ba ta jimre ajiya. Idan ganye ya fara kwantawa a ɗauke ruwa kamar mako biyu kafin a cire.

Ajiyar nan ita ce wurin da ake cin riba ko a yi asara. Lokacin cira kowa yana kai wa kasuwa, farashi ya faɗi ƙasa, dillali ya saye yadda ya ga dama. Wanda ya gina rudu mai shan iska ya ajiye tasa har damina, shi ke sayarwa da daraja. Karan da za a yi rudun kuwa yanzu yake cikin gonaki, kafin dabbobi su tattake shi.

Mata ma kada a bar su baya. Fangali biyu na salati da tumatir, da zogale a gefen darni, sun isa su gyara miya har bazara, a samu na sabulu.

Samari, mun san wasu cikinku sun riga sun ɗaure kaya za su tafi cin rani Kano ko Legas. Ba mu hana kowa neman halalinsa ba. Sai dai guga ba ta jan kanta, tsofaffi kuma ba su iya ban ruwa safe da marece. Duk gidan da ke da samari biyu, ɗaya ya tsaya.

Wata magana kuma: dare zai ƙara sanyi. Mai kai kaskon wuta ɗaki ya kashe ta kafin ya kwanta, a kuma nisanta murhu da zana, don iskar nan ba ta jiran a ɗebo ruwa.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba akwai gayyar yasar rijiyar fadama da shinge ta da ƙaya. Kowane gida ya aiko mutum ɗaya da kwando da igiya. Mai son fangali ya ba magatakarda sunansa kafin Juma'a.