Faɗan 'Yan Makaranta: A Yi Shari'a Kafin A Ɗauki Bulala

Iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, mun gode muku da kuka rufe rumfuna da wuri kuka zo. Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ta ke, watau abin da ya kamata malami ya yi in yara biyu suka kaure da faɗa a makaranta.

Kowa a nan ya san yadda abin ya kan faru. Yaro ya dawo gida riga a yage, leɓe a kumbure, ga kuma shatar bulala a baya. Ka tambaye shi, ya ce wani ne ya ƙwace masa kuɗin tara, suka yi faɗa, malam ya zo ya yi musu bulala shida-shida. Ka ce, to, malam ya tambayi wanda ya fara? Ya ce a'a.

A ido, wannan hukunci kamar adalci ne, tun da an raba daidai. Amma ku duba da kyau. Wanda aka zalunta ya rasa kuɗinsa, ya sha naushi, sa'an nan ya sha bulala. Shi kuwa ƙaton da ya yi ƙwacen ya gane farashin aikinsa bulala shida ne kurum, ita ma tare za a sha. Gobe zai sake. Ƙaramin kuwa ya koyi cewa kai ƙara ba shi da amfani, saboda haka ko dai ya riƙa miƙa kuɗin yana kwana da abin a ciki, ko ya kira wansa, ko ya ɓoye reza a aljihu. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane wannan. In wani ya ɗauki kayanka ka riƙe masa riga, aka kai ku gaban sarkin kasuwa, ya ci ku tara daidai bai saurari kowa ba, ashe za ka sake komawa wurinsa?

Mu da muka yi karatu a makarantar mishan mun ga wani malami wanda har yau ba mu mance da shi ba. In aka yi faɗa, ba ya ɗaukar bulala. Sai ya raba su, ya zaunar da ɗaya a gindin mangwaro, ɗayan kuma a bakin ofis, ya koma aji ya ƙarasa darasinsa. Sai zuciya ta huce, sa'an nan ya kira kowa shi kaɗai ya ji ta bakinsa. In an zo kan shaidu, ba ya farawa da monita, domin ya san monita yana da abokai. Ƙananan aji ya ke fara tambaya, su ma a keɓe, don kada tsoro ya kama su. Bayan haka ya yanke hukunci gwargwadon laifin kowa, domin sau da yawa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya yaga riga shi zai ɗinke ta. Wanda ya ƙwaci kuɗi ya biya a gaban aji. Wanda ya zagi uwar wani ya ba da haƙuri, kāna ya share fili kwana uku. Yana da wani littafi inda ya ke rubuta sunan kowa da ranar faɗan, in sunanka ya fito sau uku sai a aika wa mahaifinka. Wallahi littafin nan ya fi bulala ban tsoro! Ba mu ce duk malaman wurin haka su ke ba. Akwai wanda ya kan fara duka tukuna ya yi tambaya daga baya, kuma a ajinsa aka fi yin faɗa.

Wani zai ce ai doka ta ba malami ikon duka. To, ga abin da ya ke gaskiya. Dokar laifuffuka ta Arewa wadda aka fara aiki da ita a 1960, a sashe na 55, ta yarda malami ya hori yaron da aka damƙa masa in bai kai shekara 18 ba, amma da sharaɗin don gyara ne, kuma kada a yi masa mummunan rauni. A 2003 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar haƙƙin yara, wadda ta hana azabtar da yaro ko wulakanta shi, aka bar wa kowace jiha ta amince da ita. Ko tsohuwar dokar ma gyara ta ce. Yaron da aka zalunta, me za a gyara a jikinsa?

Kada kuma ku ɗauka yaranmu ne kaɗai suka lalace. Hukumar UNESCO ta fitar da rahoto a 2019, inda ta ce fiye da ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya yi faɗa da ɗan'uwansa ɗalibi a cikin shekara guda. Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa.

Amma lalle ne mu yi wa malami adalci, mu da mu ke neman ya yi wa 'ya'yanmu. A 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, a 2004 kuma aka yi dokar da ta mai da karatun shekara 9 na farko kyauta kuma tilas. Yara sun shigo, madalla. Azuzuwa da malamai fa? Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. Ku je makarantar unguwarku ku ƙirga da kanku. Akwai ajin da ya ninka haka sau biyu, har da sau uku. Yara a cunkushe a ƙasa, wannan ya taka wancan, wancan ya zauna wa wannan a kan littafi, yaya ba za a yi faɗa ba? Malamin da ke tsaye gaban wannan taro, yaushe zai sami sukunin kiran shaidu? Bulala ce ta fi masa sauri. Wannan laifin masu riƙe da kuɗin ilmi ne, kuma ba za mu daina faɗa musu ba.

Abin da ba za mu yafe ba shi ne malamin da ke duban fuskar uba kafin ya yanke hukunci. Ɗan alhaji ya mari ɗan mai dako, sai a ce ai wasa ne. Ran da ɗan mai dako ya rama, sai a ce a kore shi. Yara suna gani, ba kuwa sa mantawa.

Yanzu sai mu juyo kanmu, ko da zai yi ɗaci. Akwai a cikinmu wanda da zarar ɗansa ya shigo da kuka, sai ya bar rumfa ya nufi makaranta yana zage-zage, bai tambayi kowa ba. Ya ci mutuncin malami gaban yara. Daga ran nan malamin zai naɗe hannu, ko kashe juna za su yi ba ya tsoma baki. Su kuwa yara sai su ɗage faɗan: "Bari a tashi." Shi ya sa mafi munin faɗa a bayan katanga a ke yinsa, musamman ranar ba da hutu, inda ya kan tashi daga na yara biyu ya koma na unguwa da unguwa. Hanyarsu kuwa ta bakin kasuwa ta ke bi. Sau nawa muka ga manya da gemunsu sun yi da'ira suna shewa kamar an buɗe filin dambe? In kun gani ku raba, ku tambayi sunayensu da makarantarsu, da safe a shaida wa hedimasta.

In an doki ɗanka ba a bincika ba, ka kwana tukuna. Washegari ka tafi da dattijo ɗaya, ka yi sallama, ka roƙi a kira yaran biyu a ji ta bakinsu a gabanka, ka kuma shirya jin cewa naka ne ya tsokana. In an kira taron iyaye da malamai ku je, ko da ranar kasuwa ce, ku nemi a ajiye littafin rubuta faɗa, a kuma sa malami ɗaya ya tsaya bakin ƙofa lokacin tashi. Wanda ya ke da ƙorafi bai iya rubutu ba, ya same mu a ofis bayan la'asar, za mu rubuta masa takarda zuwa ga hedimasta, ba a biyan ko kwabo.