Laburare da Binciken Malamai



Mu ɗalibai mukan ɗauki laburare tamkar mafakarmu idan jarrabawa ta gabato. Alhali kuwa malami ya fi mu bukatarsa, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mu dubi reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa, inda ake koyar da safiyo da tsara birane. Malamin da ke binciken ambaliyar kogin Kaduna ta 2003 yana bukatar tsofaffin taswirori da rahotannin hukuma. Irin waɗannan takardu ana adana su ne a ƙetaren gada, a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta nemi Laburaren Isa Kaita ya haɗa kai da waɗannan wurare, a ɗauko hotunan takardun a kwamfuta, a kuma nemi tallafin asusun TETFund. In malami ya daina bincike, tsohon darasi zai yi ta maimaita mana, mu kuma mu fita da shi aikin gwamnati.